Daga Keken Kaɗin Gandhi Zuwa Dandalin Nunin Tufafi na Faris

A shekarun 1700 da 1721 majalisar dokokin Ingila ta kafa dokokin taƙaita shigo da yadin audugar Indiya mai zane da kuma sanya shi, domin ya kwashe wa masaƙan ƙasar kasuwa, amma bayan ƙarni guda sai reshe ya juye da mujiya, injunan yankin Lankasha na Ingila suka riƙa antaya wa Indiya yadi mai araha har dubban masaƙa suka rasa abin kai wa bakin salati. Wannan ne ya sa Mahatma Gandhi ya mayar da khadi, wato ƙyallen da aka kaɗa zarensa da hannu aka kuma saƙa shi da hannu, makamin neman 'yanci, ya kuma kafa ƙungiyar masu kaɗi ta ƙasa a 1925. Keken kaɗin da ake kira charkha, wanda ke yin aikin mazari amma da sauri, ya zama tambarin gwagwarmayar.

Bayan samun 'yanci a 1947, matsalar ta sauya kama, domin ƙyallen da aka saya saboda kishin ƙasa dole ne yanzu a saye shi saboda kyansa. Mai fafutukar raya sana'o'in hannu Pupul Jayakar ta jagoranci kafa cibiyoyin hidimar masaƙa a shekarun 1950, inda masu zane suka zauna kafaɗa da kafaɗa da masaƙa suna gwada sababbin launuka a kan tsofaffin dabaru. A ƙarshen shekarun 1960 mai zayyanar tufafi Ritu Kumar ta fara aiki da masu buga zane a kusa da Kalkata, waɗanda ke sassaƙa fure a jikin katako, su tsoma shi cikin rini, su danna kan yadin da aka shimfiɗa, kowane launi da nasa katakon, ta yadda ido mai lura zai ga inda hannu ya ɗan karkace. Wannan karkacewar, wadda inji ba ya iya yi, ita ce ta zama abin da masu saye ke biyan kuɗi dominsa. Kafa kwalejin koyar da zayyanar tufafi ta ƙasa a Delhi a 1986 ya samar da matasan da suka fitar da sana'ar waje. A wani ɓangaren kuma, mai zayyanar tufafi Rahul Mishra ya lashe kyautar Woolmark a 2014, sannan a 2020 ya zama ɗan Indiya na farko da ya baje kolinsa a makon manyan ɗinkuna na Faris, da aikin masu surfani da dama da ke zaune a ƙauyukansu.

Sai dai haɗin sana'ar hannu da zayyanar zamani bai rasa ƙura ba. A 2021 mai zayyanar tufafi Sabyasachi Mukherjee ya fitar da tufafi tare da kamfanin H&M ɗauke da zane irin na garin Sanganer da ke jihar Rajastan, amma da inji aka buga shi, lamarin da ya sa ƙungiyoyin masu sana'ar hannu suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ya kare kansa da cewa burinsa shi ne tufafin su isa ga masu ƙaramin ƙarfi, hujjar da ke da nauyinta, sai dai ba ta amsa kukan masu danna katako na Sanganer ba, waɗanda aka sayar da zanensu a ƙasashe da dama ba tare da an ba su aikin ba.