Giwayen Musolini

A shekarar 1937 gwamnatin Musolini a Italiya ta zuba maƙudan kuɗi a wani fim mai suna Scipione l'Africano, wanda Carmine Gallone ya ba da umarninsa. Labarin tsoho ne: yadda Sifiyo, sarkin yaƙin Rumawa, ya murƙushe Hanibal a fagen Zama, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, shekara 202 kafin haihuwar Annabi Isa. An tara dubban mutane, an kawo giwaye na gaske, aka sake gwabza yaƙin a gaban kyamara.

Duk ɗan Italiya da ya shiga silima ya san inda aka dosa. A watan Mayun 1936 sojojin Italiya suka shiga Addis Ababa ta Habasha, ga shi kuwa tun 1896 kashin da Habashawa suka ba su a Adwa yake ci musu tuwo a ƙwarya. Fim ɗin yana raɗa wa mai kallo cewa Afirka gadon kakanninsa ce, Musolini kuma shi ne Sifiyon zamani da ya zo ramuwa. A bikin fina-finai na Venice na wannan shekarar aka ba fim ɗin kofi, kofin da ke ɗauke da sunan Musolini kansa.

Ni dai abin da ya fi ƙona min rai shi ne labaran silima na hukumar gwamnati mai suna LUCE. An kafa ta a 1924, daga 1926 kuma doka ta tilasta wa kowane gidan silima ya nuna labaranta. Mutum ya biya kuɗinsa don nishaɗi, dole ya kalli fareti da tutoci da sabbin hanyoyin da ake shimfiɗawa a Habasha. Iskar gubar da jirage suka yi ta zuba wa mayaƙa da ƙauyuka ba ta taɓa hawa allo ba. Haka dubban mutanen da aka karkashe a Addis Ababa a Fabrairun 1937, bayan an jefa wa Graziani, babban hafsan sojan Italiya, gurneti.

Wannan Grazianin da yawanmu mun san shi, domin shi ne azzalumin janar ɗin nan na fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ya shirya kan gwarzon Libiya da aka rataye a 1931. Hukumomin Italiya sun hana nuna fim ɗin a ƙasarsu, wai ya zubar da mutuncin sojojinsu. Sai a 2009 aka haska shi a talabijin can.