Yadda karatu ya shiga garajin mota

Da can, da kunne da hanci makanike yake gane ciwon mota. Wata ƴar na'ura ce ta sauya wannan, shi ya sa nake son malamai da iyaye su san tarihinta.

A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtar iska. Sai kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera na'urar auna iskar oksijin cikin hayaƙi, Volvo ya fara sa ta a motocinsa a 1976. A jikin bututun hayaƙi ake ɗaura ta, kusa da inji. Ita ke shaida wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Daga baya aka ƙara ta biyu bayan tukunyar tace hayaƙi, tana lura da aikin tukunyar.

Daga 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta wajabta tsari guda: in abu ya lalace, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta ajiye lamba. Misali, P0135 na nuna matsala a layin ɗumama na'urar farko. Amma lambar ba ta ce a sauya na'ura ba. Wataƙila waya ce ta tsinke.

Irin motocin nan ne muka daɗe muna sayowa ta Kwatano. Yaron da aka cire daga makaranta aka kai garaji bai iya karanta lamba ba, sai ya jefar da lafiyayyar na'ura, mai mota ya yi hasara. Iyaye, mu bar shi ya iya karatu da lissafi tukuna.