Yarima Eugene na Savoy: Ɗan Hakin da Faransa Ta Raina

Mun taso muna jin magabata na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In muka leƙa tarihin Turai, da wuya mu sami wanda maganar ta fi dacewa da shi kamar Yarima Eugene.

An haife shi a birnin Faris a shekarar 1663, jinin gidan sarautar Savoy. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara, mahaifiyarsa Olympia Mancini kuma ta tsere daga Faransa a 1680, bayan an zarge ta da hannu a badaƙalar kisa da guba. Saboda ƙarancin jikinsa, limancin coci aka yi masa tanadi. Shi kuwa takobi yake so. A 1683 ya roƙi Sarki Louis na 14 ya ba shi jagorancin rundunar soja, Sarki ya ƙi.

Sai ya sulale ya miƙa kansa ga Sarkin Sarakuna Leopold na 1 na Ostiriya, daidai lokacin da dakarun Daular Usmaniyya suka yi wa birnin Biyana ƙawanya. Nan ya fara ɗanɗana yaƙi. A 1697, a Zenta, ya afka wa rundunar Sultan Mustafa na 2 tana tsakar ƙetare kogin Tisza, ya tarwatsa ta. Wannan nasara ta share fagen sulhun Karlowitz na 1699, wanda ya raba Usmaniyyawa da mafi yawan ƙasar Hangari.

Daga nan takobinsa ya juya ga ƙasar haihuwarsa. Shi da Marlborough, kwamandan Ingila, suka murƙushe sojojin Faransa a Blenheim a 1704. Bayan shekara biyu ya kore su daga Turin. A 1717 ya ci birnin Belgrade.

Sarakuna uku ya yi wa hidima, ya gina fadar Belvedere, ya tara dubban littattafai, ya rasu a Biyana a 1736 bai taɓa aure ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sa hannunsa. Da harsuna uku yake rubuta sunansa: Italiyanci, Jamusanci da Faransanci. Mu da muke kwana da Hausa, mu tashi da wasu harsuna a kasuwa da makaranta, mun san nauyin wannan. Mutum bai jefar da asalinsa ba, bai kuma ci amanar ƙasar da ta karɓe shi ba.