Daga Karan Ɗori Zuwa Kyamarar Likita

'Yan uwa, a birnin Zazzau mahayin da doki ya kayar ranar hawan Sallah wurin mai ɗori ake kai shi: kara, tsumma, sai haƙuri. Yau likita kan huda kwatangwalo ya zura 'yar kyamara, dabarar da Kenji Takagi ya gwada a gwiwar gawa a Tokyo, 1918.

Irin aikin aka yi wa ɗan wasan tanis Andy Murray a Janairun 2018. Ciwon bai tafi ba, sai da aka sa masa ƙarfe a 2019, sannan ya ci kofin Antwerp.

Mun iya rubuta ranar kofi. Watannin ɗingishi fa? Mu nemi tsofaffin masu ɗorin cikin ganuwa, mu rubuta abin da suka gani tun suna raye.