Maganin buɗe hanci: yadda yake aiki da inda haɗarinsa yake

Da zarar hunturu ya kankama a Gaya da Ajingi, mura da atishawa kan yawaita. Kamar yadda yake a akasarin karkarar Kano, kemis ɗin unguwa jama'a kan fara nufa kafin su tuna da Babban Asibitin Gaya. Cikin abin da ake saye har da maganin buɗe hanci, wanda ake bayarwa ba tare da takardar likita ba, gargaɗinsa kuma yana rubuce da Turancin da ba kowa ke karantawa ba.

Ire-irensa

Maganin iri biyu ne. Akwai na ɗigawa ko fesawa a hanci, mai ɗauke da sinadarin xylometazoline, kamar Otrivin, ko oxymetazoline. Akwai kuma na sha, wato pseudoephedrine da phenylephrine, waɗanda ake haɗawa cikin ƙwayoyin mura da na ruwa.

Ba majina kaɗai ke toshe hanci ba. Jijiyoyin jinin da ke cikinsa ne ke kumbura. Aikin maganin shi ne matse jijiyoyin har iska ta samu hanya. Ba ya kashe ƙwayar cutar da ta kawo murar.

Haɗarin na ɗigawa

Ƙa'idarsa kwana 3 zuwa 7 ne, gwargwadon samfurin. Idan aka zarce, hancin yakan saba, ta yadda da ƙarfin maganin ya gushe sai kumburin ya dawo fiye da da. Mai shi ya ɗauka murar ce ta ƙi tafiya, ya ƙara ɗigawa, alhali maganin ne ya zama cutar. Wasu kan shafe watanni a haka.

Haɗarin na sha

Pseudoephedrine yana matse jijiyoyin jiki gaba ɗaya, don haka yakan ɗaga hawan jini, ya sa bugun zuciya da rashin barci. A 2024 hukumomin magunguna na Tarayyar Turai suka hana shi ga masu matsanancin hawan jini ko ciwon ƙoda mai tsanani, saboda illar da yakan yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko da yake ba kasafai ba. A Disambar shekarar Faransa ta daina sayar da shi sai da takardar likita. Shi kuwa phenylephrine na sha, kwamitin masana na hukumar FDA ta Amurka ya ƙarasa a Satumbar 2023 cewa ba ya buɗe hanci.

Alhakin wa ne?

NAFDAC ce ke yi wa magunguna rajista a Nijeriya, hukumar PCN kuma ke bai wa masu kemis lasisi. Haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, bayan binciken BBC, ya nuna hukuma kan motsa idan magana ta fito fili. Wannan maganin kuwa illarsa a ɓoye take, kuma mai hawan jinin da bai taɓa gwaji ba bai san gargaɗin da shi ake ba.

Kafin saye, a duba lambar NAFDAC, a tambayi sunan sinadarin, a ƙirga kwanakin amfani. Masu juna biyu da ƙananan yara su fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya. Ɗigon ruwan gishiri na kemis ya fi aminci gare su. Toshewar da ta wuce kwana 10, asibiti take buƙata.