Jirgin Turame: Dutsen da Bai Isa Kasuwa ba

Tun ina ƙaramin ɗalibi na ɗauka cewa tarihi a littattafai yake, ko a bakin tsofaffi. Labarin wani jirgin ruwa da ya nutse a gaɓar Ingila shi ya gyara mini wannan tunani, shi ne kuma nake so in kawo wa 'yan'uwana masu karatu.

A shekarar 2020 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Bournemouth suka nutsa kusa da tashar Poole, a kudancin Ingila, bayan wani mai jirgin haya ya nuna musu wurin. A zurfin kamar mita 7 suka tarar da ragowar jirgi a ƙarƙashin yashi. Da aka duba zoben da ke cikin katakonsa, sai aka gane itacen daga Ailan ya fito, an kuma sare shi tsakanin 1242 da 1265, zamanin Sarki Henari na 3.

To, me jirgin ya ɗauko? Turame ne na dutse, irin waɗanda ake daka kayan abinci a ciki, shi ya sa aka raɗa masa suna Jirgin Turame. Akwai tukwane na girki, akwai kuma faffaɗan duwatsun rufe kabari masu zanen gicciye. Dutsen daga yankin Purbeck aka haƙo shi, nan kusa. Dutse ne mai daraja, mai sheƙi idan an goge shi, har an ƙawata manyan coci-coci da shi, irin na Salisbury da na Westminster.

A nan ne abin ya ba ni sha'awa. Masana sun daɗe suna tambaya: shin a Purbeck ake sassaƙa duwatsun kabarin nan, ko sai sun isa inda za su? Dutsen da ke kan kabari ba ya iya ba da amsa. Amma waɗanda suka nutse an same su da zanensu, ba a dai goge su ba. Ashe a gida ake sassaƙa, gogewa ta biyo baya. Kayan da bai isa kasuwa ba shi ya tona asirin sana'ar.

Da ɓarayi sun riga masana zuwa, da amsar nan ta tafi ke nan. Turmi a kantin dillali turmi ne kawai. Darajarsa ga tarihi tana ga inda aka same shi da abin da ke kusa da shi. Ingila ta sha wannan darasi lokacin da aka gano jirgin yaƙin nan Association a 1967, masu neman dukiya suka yi masa wawaso. Shi ya jawo dokar kare jiragen da suka nutse ta 1973. A ƙarƙashinta aka sa Jirgin Turame a 2022, ba mai taɓa shi sai da izini. A 2024 aka ɗago duwatsun kabari biyu cikin tsanaki, babban ya kai kusan kilo 200, domin a adana su a gidan tarihi na Poole.

A ganina, darasin ya shafi duk ɗalibin tarihi. Abin da ruwa ya riƙe amana shekara fiye da 700, hannun mai kwaɗayi na iya ɓatar da shi kafin azahar.