Daga Tsibirin Gore Zuwa Damagaram: Yadda Ake Ƙera Mushe a Nijar

Wata Laraba ina cikin ɗakin watsa shirye-shirye muna tattauna faɗuwar yara a jarrabawar BEPC, sai wani ya bugo waya daga ƙauye ya ce, "Malam, ai yanzu alli sai wanda ya rasa abin yi ke ɗauka." Na yi ƴar dariya irin ta masu rediyo, na wuce ga mai kira na gaba, amma maganar ta bi ni har gida. A wannan makon ne ƙanwata ta same ni ta ce, "Yaya, ina son in yi jarrabawar shiga ekol normal," ni kuma na ce mata ta sake tunani. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara 30 da ɗoriya yana riƙe da alli, ga shi ni ɗansa ina hana ƴarsa gadonsa.

Da dare na buɗe akwatin ƙarfen da ya bari. A ƙasa na tarar da kayen shirin darussansa na lokacin da yake ɗalibi a makarantar horon malamai ta Damagaram. Kowane shafi darasi guda ne: abin da ake son yaro ya iya, kayan da malam zai shigo da su aji, tambayar da zai fara da ita, har da amsar kuskure da yake tsammanin yaro zai bayar. A gefe akwai gyaran malaminsa da jan biro. Wannan kaye ne ya sa na koma bin tarihin yadda ake horar da malamin makaranta a ƙasarmu, ga kuma abin da na samo.

Lokacin da Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mulkin mallakar Faransa a 1922, ba ta da makarantar horon malamai ta kanta. Mai son zama malami cikakke sai ya bar ƙasa. Faransawa sun buɗe makarantar malamai ta yankin Afirka ta Yamma a Sanluwi ta Senegal a 1903, suka mayar da ita tsibirin Gore a 1913, suka sa mata sunan gwamna William Ponty a 1915, sannan a 1938 ta koma Sebikotan kusa da Dakar. Da jarrabawa mai tsanani ake shiga, a yi shekara uku. Ana koyar da Faransanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, kuma akan sa ɗalibi ya rubuta bincike kan al'adun garinsu: aure, abinci, tatsuniya, wasannin yara. Har yau masu bincike na amfani da waɗannan rubuce-rubuce. Mata kuwa sai a 1938 aka buɗe musu tasu a Rufisk, inda marubuciya Mariama Ba ta yi karatu.

Bubu Hama, ɗan Foneko ta ƙasar Tera, ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya kai Gore, kuma a 1929 ya dawo a matsayin malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga can. Jori Hamani ya biyo baya, ya koyar a Yamai da Maraɗi, har ya je Paris yana koya wa masu shirin zama jami'an mulkin mallaka Hausa da Zabarmanci. Jibo Bakari, wanda daga baya ya jagoranci Sawaba, shi ma ɗan Ponty ne, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Da ƙasa ta sami ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, shugaban ƙasa tsohon malami ne, shugaban majalisa tsohon malami ne, babban abokin hamayyarsu ma haka. A ƙetaren iyaka labarin ɗaya ne: Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai ita ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma dukansu sun tsaya gaban allo kafin su shiga siyasa.

Daga nan darajar mushe ta samo asali. A ƙauye shi ke karanta wasiƙa, shi ke rubuta koke, shi ake kira idan baƙo Bature ya zo. Amma kada daɗin labari ya sa mu manta da abin da aka horar da shi ya yi. An shirya shi ne ya koyar da Faransanci, cikin Faransanci, ga yaron da bai taɓa jin kalma ɗaya ta harshen ba. Tsofaffinmu na tuna sambol, wato ƙashi ko guntun icen da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a harabar lakwal, ya yi ta neman wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Kuma makarantar ta ƴan kaɗan ce: a 1960 yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Horo mai zurfi yana da sauƙi idan mutum goma za a horar.

Bayan ƴancin kai sai tambayar ta sauya: ina za a samo dubban malamai cikin gaggawa? Ƙananan makarantun horo da aka fara tun ƙarshen mulkin mallaka, irin ta Tawa, suka bunƙasa, aka sami ekol normal a manyan garuruwa da sunayen mazan jiya: Askiya Muhammadu a Damagaram, Mali Bero a Doso, Kawusan a Tawa, Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, Tanimun a Tilaberi. Hanya biyu ce a lokacin: mai BEPC ya fito mataimakin malami, mai bak ya fito cikakken malami, a ƙarshe a yi jarrabawar CFEEN. Malaman kwaleji da lise kuwa babbar makarantar malamai ta jami'ar Yamai ke horar da su, jami'ar da aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992.

Me ake karantawa a ciki? Kayen Baba ya ba ni amsa, kuma jigon bai sauya sosai ba. Akwai sanin halayyar yaro, wato abin da kan ɗan shekara bakwai zai iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai dabarun koyarwa na gaba ɗaya, da na kowane fanni daban, domin yadda ake koyar da karatu ba haka ake koyar da rabawa ba. Akwai ladubban aiki da dokokin makaranta, har da cika rajistar kira da ta sakamako. Sai gwajin aiki a firamaren da ke haɗe da makarantar: ɗalibi ya fara zama bayan aji yana kallo, sannan ya ɗauki darasi guda malam na sauraro, daga ƙarshe a bar masa ajin. Bayan kowane darasi a zauna a yi masa gyara gaban ƴan'uwansa. A wani shafi malamin Baba ya rubuta masa cewa ya yi tambaya 14, kuma yara uku ne kawai suka amsa dukansu. Mutumin da bai shiga horo ba yana iya shekara goma a aji bai lura da irin wannan ba.

An kuma gwada wasu hanyoyin. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara makarantar talabijin: ƙwararru su shirya darasi a Yamai, a nuna a akwatin talabijin cikin aji, wani matashi mai ɗan gajeren horo ya kula da yara. Shirin ya ja hankalin duniya, amma bai game ƙasa ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya mutu. A wannan shekara ta 1964 ne Abdu Mumuni ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nace a koyar da yaro da harshensa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a nan Damagaram. Abin takaici, shekara da shekaru ana kiran irin waɗannan makarantu "na gwaji", alhali mafi yawan malamai ana ci gaba da horar da su kamar duk yaran ƙasar da Faransanci aka haife su.

Babbar girgiza ta zo a shekarun 1990. Kuɗin yuraniyom ya ja baya, masu ba da bashi suka matsa a rage kuɗin albashi, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ma'aikata suka yi watanni ba biya. A 1998 aka yi dokar ilimi da ake kira LOSEN, a wannan lokacin kuma aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda suka rikiɗe ƴan kwantaragi. Da shirin shekara goma na ilimi da ya fara a 2003, azuzuwa suka yawaita, na siminti da na zana, yaran ƙauye da iyayensu ba su taɓa ganin allon boko ba suka shiga. Wannan alheri ne da ba za a musa ba. Sai dai an biya shi da horo. An gajarta zaman ekol normal, wani lokaci zuwa shekara guda, an kuma tura dubban matasa aji da horon ƴan makonni ko ma babu, kan kuɗin da bai kama ƙafar albashin malamin gwamnati ba. Ba a jima ba ƴan kwantaragi suka zama su ne mafi yawan malaman firamare.

A Yulin 2017 gwamnati ta yi wa ƴan kwantaragi jarrabawar tantancewa, ƙungiyoyin malamai suka yi ta adawa, sakamako ya fito ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Na tuna yadda wayoyi suka yi ta shigowa a shirinmu ana zagin malamai, ni ma na taya. Da na san wannan tarihin a lokacin, da na tambayi masu sauraro: wa ya ɗauke su aiki, wa ya koyar da su tun suna firamare, kwana nawa aka ba su su koyi sana'ar? Wanda aka miƙa wa alli ba tare da jan biron mai gyara ba, ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Abin da na fahimta shi ne, tun daga Gore ƙasarmu ke kai da komo tsakanin horar da kaɗan da kyau da tura da yawa cikin gaggawa. Ponty ta ba mu shugabanni ta bar ƙauyuka ba makaranta. Kwantaragi ya kai makaranta ƙauye ya bar malam ba horo. Ɗana na fari yana aji biyu a makarantar gwamnati, saboda haka ni wannan magana ba ta tarihi ce kawai ba. Duk ranar da ya dawo yana haddace jimlar da bai san ma'anarta ba, ina ganin shekarar horon da aka yanke wa malamarsa.

Da safe na kai wa ƙanwata kayen Baba. Na ce mata, "Jiya na yi miki maganar da ban yi tunani ba. Albashin ba shi da yawa, kuma ana iya tura ki ƙauyen da ba ruwa ba wuta, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma in kin shiga, ki ɗauki gwajin aji da muhimmanci fiye da komai, ki nemi malamin da zai cika miki shafi da jan biro." Ta buɗe kayen ta daɗe tana kallon rubutun mahaifinmu, sannan ta tambaye ni ranar da ake rufe ajiye takardu. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ba na raye haƙuri da lada.